Buhunan Hatsin da Na Kira Abincin Kaji

Akwai wata magana da ta fita daga bakina, wadda da ana iya maido da magana, da na ba da duk abin da na mallaka na maido ta. Kalmominta ba su fi goma ba. Na faɗe su ina tsaye a ƙofar sito, makullai a hannu, ina jin kaina wani babban mutum. Yau gemuna ya yi fari fat, sunayen mutane da yawa da muka yi aiki tare sun ɓace mini, amma wannan magana da abin da ya biyo bayanta ba zan manta ba har ranar da za a kai ni makwancina.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Firamare na gama, sai abin da ya samu na allo. Na yi noman rake, daga baya na shafe shekaru ina awon hatsi a kasuwar Makarfi. A wannan sana'a na san hatsi kamar yadda na san 'ya'yana. Ko idona a rufe, in na damƙa zan gaya maka wannan kaura ce, wannan farafara, wannan ta bara ce, wannan ta sha raɓa. Saboda wannan sanin ne aka ɗauke ni aikin kula da siton abinci a wata kwalejin kwana da ke tsakanin Makarfi da Ikara, bayan rasuwar dattijon da ya riƙe siton tun kafuwarta. Kuma wannan sanin ne dai ya kayar da ni.

Kwalejin ba babba ba ce. Wasu mutanen yankinmu ne suka haɗu suka kafa ta. Ana karanta harsuna da tarihi da adabi da addini da lissafi, kowane ɗalibi sai ya taɓa kowanne kafin ya zaɓi inda zai zurfafa. Dokarta ita ce kowa a ciki yake zama, maza ɓangarensu, mata ɓangarensu. Shugaban kwalejin yakan ce rabin karatun ba a aji ake yin sa ba, a bakin kwanon tuwo ake yi. Da fari ban gane ba, sai da na riƙa ganin ɗan Likoro da ɗan Malikanchi da wanda ya zo daga can kudancin jiha sun sa hannu a kwano ɗaya suna gardamar abin da aka karantar da su, har miya ta huce ba su sani ba. Baba Sito suke kirana. In na wuce sai su ce, "Baba Sito, zo ka raba mana gardama." Ni kuwa in ce musu gardamar da na iya rabawa ita ce ta mudu da tiya.

Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, abin da iyaye ke biya ba ya riƙe su. Masu taimako ne ke riƙe da zaman. Wani ya haƙa rijiyar burtsatse, wani ya sa sola a ɗakin karatu, wata Hajiya ta aiko da katifu da gidajen sauro, wani ya ɗauki nauyin ƙwallo da kayan wasan kwaikwayo. Abinci kuwa, mafi yawansa daga wani attajiri yake zuwa, ɗan yankinmu da ke zaune a Kaduna. Sau biyu a shekara babbar motarsa ke shigowa da shinkafa da masara da jarkokin mai. Ranar da za ta zo nakan sa babbar riga. In direban ya sauko, har ruwan sanyi nake aika a kawo masa. Ina gaya muku wannan ne don ku san irin mutumin da nake a lokacin. A idona, kyauta ita ce wadda ta zo a mota, cikin sabon buhu mai rubutu.

Wata huɗu da fara aikina, bayan an gama kaka, wata rana da hantsi sai ga amalanken shanu ya shigo harabar kwalejin. Mai kora shi wani magidanci ne siriri, rigarsa ta koɗe. Ya tsayar da shanun a ƙofar sito, ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya yi mini ta'aziyyar wanda na gada. Sannan ya ce saƙo ne daga wani ƙauye a bayan Dandamisa. Buhu shida ne, tsofaffi, wasu da faci.

Na ce, "Wa ya aiko?"

Ya ce, "Na mata ne, ranka ya daɗe. Marigayi ya san da shi."

Ban tsaya na tambayi waɗanne mata ba. Na kwance bakin buhun farko na zura hannu. Abin da na ɗebo ya sa na yamutsa fuska. Jar dawa, farar dawa, gero, masara, har da ƙwayoyin wake nan da can, duk a gauraye. Na buɗe na biyu, haka. Na uku, haka.

Duk wanda ya yi awo ya san hatsi iri ɗaya ne kawai ke zuwa a haka. In kasuwa ta tashi, akan share abin da ya zube a ƙasa tsakanin rumfuna, a sheƙe shi, a ɗura a buhu, a sayar wa masu kiwon kaji da araha. Sharar kasuwa ke nan. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wasu ne ke son a ce sun taimaki makaranta, suka sayo shara suka aiko. Da na natsu na duba da kyau, da na ga babu tsakuwa ko ɗaya a ciki, babu ƙasa, babu ƙaiƙayi, abin da ba ya yiwuwa a sharar kasuwa. Amma wanda ya riga ya yarda ya sani, ba ya sake dubawa.

Akwai ɗalibai kusa suna wanke kwanuka, kuma ina son su ga yadda nake tsare musu ciki. Na ɗaga murya na ce, "Mayar musu. Ka ce ɗalibai muke ciyarwa, ba kaji ba."

Wasu daga cikin ɗaliban suka yi dariya. Mutumin ya dube ni, ya dubi buhunan. Ya buɗe baki kamar zai yi bayani, sai ya fasa. Ya ce, "To, ranka ya daɗe." Da kansa ya ɗaure bakunan buhunan da na kwance, ya juya shanunsa. Har yanzu in na rufe ido ina jin kukan ƙafar amalanken nan yana fita daga ƙofa.

Ban gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba. Uwar girkinmu, wadda kowa ke kira Inna, da tana nan da ta tare ni, amma a lokacin ta tafi jegon 'yarta. Haka maganar ta wuce.

Sai damina ta yi nisa. Ana sa ran motar attajirin nan a farkon watan bakwai, sai ga labarin rasuwarsa. Allah Ya ji ƙansa, mutumin kirki ne. Iyalansa suka ce ba za a taɓa komai ba sai an raba gado, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Shugaba ya shiga nema, ya je nan ya je can. Amma kowa ya san watan takwas a ƙasarmu. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, wanda ke da shi a rumbu ya ƙanƙame abinsa. Ana samun buhu ɗaya yau, rabi jibi. Aka mayar da abinci sau biyu a rana. Kunun safe ya tsinke har ɗalibai suka sa masa suna ruwan alwala. Gardamar bakin kwano ta mutu, kowa ya ci ya tashi.

Ana saura mako uku jarrabawar ƙarshen shekara, ranar wata Litinin, Shugaba ya tara mu ma'aikata. Ya ce ba zai riƙe 'ya'yan mutane da yunwa ba. In Juma'a ta zo ba a samu abin da zai kai mu ƙarshen jarrabawa ba, za a sallami kowa. Ba wanda bai san ma'anar wannan ba. 'Yan ajin ƙarshe za su rasa shekararsu, kuma da yawansu in suka koma gida ba za su dawo ba, gona da hidimar gida za su cinye su.

Da muka fito, shugabar ɗalibai mata ta same ni a ƙofar sito. Yarinya ce mai kamun kai, 'yar ajin ƙarshe, ita ce ta farko a gidansu da ta kai wannan matsayi. Ta gaishe ni, ta ce, "Baba, don Allah gaya mini gaskiya, kwana nawa ya rage a ciki? 'Yan ɗakinmu sun ce sun yarda a mayar sau ɗaya a rana, in dai za mu zauna jarrabawa." Na kasa haɗa ido da ita. Na ce Allah zai kawo mafita.

Tana tafiya sai ga Inna, tana share hannu da gefen zani. Ta ce, "Malam mai sito, wai me kake jira ne? Ka fito da hatsin mata mana. Ko sai yaran nan sun fara faɗuwa?"

Na ce, "Wane hatsin mata?"

"Na kusurwar baya, kan katako. Marigayi mai sito ba ya taɓa shi sai watan takwas. Ni na ɗauka dabara kake yi irin tasa."

Na ce, "Wani gauraye, da ake kawowa a amalanke?"

"Shi fa."

Na gaya mata abin da na yi. Ban rage ko kalma ɗaya ba. Inna ta sa salati, ta nemi bakin dakali ta zauna. Ta dube ni ta ce, "Kaji? Kaji ka ce? Malam, ka san ko mene ne wannan hatsin?"

A nan ta ba ni labari. A ƙauyen akwai wata tsohuwa, matar wani malami da ya rasu, tana karantar da matan aure Alƙur'ani a gidanta. Tun shekarar da aka buɗe kwalejin ta ce wa ɗalibanta, su dai ba su samu irin wannan karatu ba, amma suna iya sa hannu a cikinsa. Duk macen da ta auni hatsin da za ta surfa na tuwon gidanta, kafin ta zuba a turmi, sai ta ɗebi tafi ɗaya, cikin hannu guda, ta jefa a wata tukunya da ta ajiye a gefe. Ba daga rumbun miji ba, daga abin da aka riga aka ba ta na girkin ranar. Ranar Alhamis kowa ta kawo nata gidan Malama a juye wuri ɗaya. Mai dawa ta kawo dawa, mai gero gero, wadda wake ne kawai a gidanta ranar ta kawo wake. Shi ya sa yake gauraye.

Inna ta ce, "Daga bakin 'ya'yansu suke ragewa, shekara guda cur. Kai kuma ka ce kaji."

Na tafi ofishin Shugaba da ƙafafuna na faɗa masa, ina jiran ya ce in ajiye makullai. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Hatsin dai ya tafi, watanni takwas, sun ci abinsu, kuma sun yi daidai. Amma haƙƙinsu yana wuyanmu. Kai ka yi ɓarnar, kai za ka je ka ba su haƙuri. Kada ka roƙe su ko ƙwaya ɗaya."

Washegari da sassafe muka hau babur ni da Inna, kowa da ɗan acaɓarsa. Daga Dandamisa hanya ta ƙare, sai laka. A bakin wani rafi da ya cika muka bar baburan, na naɗe wando, muka ratsa. Gonakin dawa sun yi kore shar, sun fi tsayin mutum, amma ba abin ci a kansu tukuna. Muka wuce wata mata tana tsinkar tafasa a bakin hanya. Na san me ake yi da tafasa a watan takwas, ƙari ce ga tuwon da bai isa ba.

Aka yi mana iso a zauren gidan Malama. Inna ta shige ciki, ni na zauna a kan buzu ina jin muryoyin mata suna bita. Can karatun ya tsaya. Sai na ji raɗa a bayan zana, wata ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Wai shi ne mai kajin?"

Wata ta ce, "Shi ne. Ashe ma dattijo ne, ni na ɗauka yaro ne."

"To a tambaye shi ya kajin, sun yi ƙwai?"

Aka fashe da dariya. Wata murya ta tsofaffi ta ce, "Kai, ku bari. Baƙo ne." Nan take aka yi tsit.

Ta fito tana dogara sanda, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta lulluɓe da farin mayafi da ya sha wanki. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Na sauka daga kan buzun na durƙusa. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi ruwa, ta tambayi iyalina, ta tambayi Shugaba, ta tambayi ɗalibai maza da mata. Da ta zo kan ɗalibai na ce lafiya lau, kamar yadda ake cewa. Sannan na ce, "Allah Ya gafarta Malama, ni ne na mayar da saƙonku, ni ne na faɗi maganar da aka kawo muku. Jahilci ne da girman kai. Na zo ku yafe mini."

Ta ce, "Ɗana, tashi ka zauna. Ai kai ka yi mana gyara."

Na ɗauka gatse ne. Na ɗaga kai na dube ta, babu alamar gatse a fuskarta.

Ta ce, "Ranar da aka dawo da buhunan an yi kuka a gidan nan, ba zan ɓoye maka ba. Wasu suka ce a raba kowa ta kwashi nata. Na ce a cikin wannan gaurayen wa za ta gane nata? Kuma abin da ka riga ka bayar saboda Allah ai ya bar hannunka, ba naka ba ne balle ka ci. Da na kwana da maganar sai na ga mutumin nan amanar 'ya'yan mutane aka ba shi, kuma ya duba abin da zai shiga cikinsu. Mu ne muka saba da marigayi yana karɓa don kunya. Wa zai kai wa surukinsa hatsi a gauraye? To me ya sa za mu kai wa masu neman ilimi?"

Ta juya ta ce a kira mata mai amalanke. Ashe ƙanen mijinta ne, gidansa na jikin nata. Ya zo, ya gan ni, ya gaishe ni da ladabin nan nasa na ranar farko, abin da ya ƙara mini kunya. Ta ce, "Buɗe masa."

A filin da ke tsakanin zaure da cikin gida akwai wani ƙaramin rumbu, an liƙe bakinsa da laka. Ya kafa tsani ya ɗaga jinkar, ya fasa liƙin, ya shiga. Ya fara miƙo buhuna, wasu maƙwabta biyu suna karɓa suna jerawa. Warin ganyen darbejiya da aka sa don ƙwari ya tashi. Na gane buhunan, har da facin.

Malama ta ce, "Kwance ka duba, kai ne masani."

Na kwance na farko. Farar dawa ce zalla. Na zura hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga ƙasa, babu ja ko ɗaya. Na biyu jar dawa zalla. Na uku gero. Na huɗu masara. Waken ma an ware shi a wani ɗan buhu.

Na ce, "Canzowa kuka yi a kasuwa?"

Muryar nan ta bayan zana ta ce, "Canji? Da wane kuɗin? Tsincewa muka yi, Malam mai kaji!"

Malama ta ce, "Masara da gero ba su ba mu wuya ba, rariya da faifai sun raba su. Jar dawa da fara ne sai da hannu. Kullum in an tashi karatu kowa ta ɗauki faifai ɗaya, tana tsinta tana bitar haddarta. Ba mu daɗe da gamawa ba. Yanzu kuma kowa tukwane uku take ajiyewa, ba a ƙara gaurayawa." Ta nuna wasu buhuna huɗu da aka fito da su daga baya. "Waɗannan na bana ne, abin da ya taru zuwa yanzu. Jira muke rafi ya janye a kawo muku."

Jama'a, na yi shekaru ina awo. Na san yawan ƙwayar da ke cikin mudu ɗaya na dawa, ba ta ƙirguwa. Buhu shida. Ƙwaya-ƙwaya. Da yatsun da suka yi surfe suka yi wanki suka ɗebo ruwa. Kuma duk watannin nan rumbun yana tsaye a gaban idonsu, suna cin tafasa, yaransu na wucewa ta gindinsa safe da yamma, ba wadda ta ɗebi ko ƙwaya ta kai tukunyarta. Na tsaya a gaban buhunan nan na ji kaina ƙanƙane kamar ƙwayar geron da ke hannuna. Na ga manyan motoci sun sauke kaya, ban taɓa jin tsoron Allah ya kama ni a gaban kyauta ba sai ranar. Hawaye suka zubo mini a gaban mata da maza, ban iya tare su ba.

Ni dai na riƙe umarnin Shugaba, ban roƙa ba. Inna ce ta fito daga cikin gida ta ce, "Malama, shi an hana shi faɗa, ni ba a hana ni ba. Ranar Juma'a za a sallami yaran nan saboda babu abinci, ga jarrabawa saura mako uku."

Tsohuwar ta juyo gare ni. A karo na farko na ga ɓacin rai a fuskarta. Ta ce, "Na tambaye ka ɗalibai ka ce lafiya lau? Wannan ya fi maganar kaji ciwo." Ta buga sandarta a ƙasa. "Amalanke ba zai ratsa rafi ba, amma kai zai ratsa. Ku kawo kwanuka."

Abin da na gani bayan nan ba zan iya kwatanta shi yadda yake ba. Aka farke buhuna aka rarraba a kwanuka da ƙore da ƙananan buhuna. Tsofaffin mata da 'yan mata suka yi gammo suka ɗauka. Matan da ba sa fita suka aika a kira mazansu daga gona. Mazan suka zo da fartanya a kafaɗa, suka ga abin da ake yi, kunya ta kama su. Wani ya ce shi ba zai ɗauki na mata ya tafi hannu sake ba, ya koma gida ya ɗebo tiya biyu ya ƙara. Wani ya bi bayansa. Muka ratsa rafin a jere, ruwa har cinya, kowa ya dafe kayansa da hannu biyu. Ni ma na ɗauki rabin buhu a ka, rabona da dako tun ina saurayi. A Dandamisa wani mai a-kori-kura ya ji labari ya ce a loda, ba zai karɓi ko sisi ba.

Da la'asar muka shiga kwaleji. Ɗalibai suka fito suka tsaya cirko-cirko. Kafin a sauke kaya na roƙi Shugaba ya bar ni in yi magana. A ƙofar siton nan, inda na faɗi waccan, na gaya musu komai, har da dariyar da wasunsu suka taya ni da ita. Shugabar ɗalibai mata ta matso ta ɗebi farar dawar a tafinta tana kallo, ta ce, "Baba, da hannu?" Na ce da hannu. Ta juya ta rufe fuska da hijabinta.

Ba a sallami kowa ba ranar Juma'a. Hatsin matan ya riƙe mu, kuma da labarin ya bazu a masallatai, sai ga ƙari daga Malikanchi, daga Likoro, har wani mai dafa rake ya aiko da mazarƙwaila a sa a kunu. Aka yi jarrabawa aka gama. A makonnin nan ban ga an bar loma ɗaya a kwano ba. Bayan jarrabawa 'yan ajin ƙarshe suka taka da ƙafa har ƙauyen suka yi godiya. Yarinyar nan, shugabar ɗalibai mata, yanzu ita ke koyar da tarihi a kwalejin, kuma na ji duk sababbin ɗalibai sai ta ba su wannan labari, amma tana rufa mini asiri, ba ta faɗin ko wane ne mai siton.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba. Ranar, muna shirin barin gidan Malama, ta kira ni gefe ta miƙo mini wata 'yar ƙwarya rufe da faifai. Na buɗe, gauraye ne, ja da fari. Ta ce, "Wannan rabona ne na tsinta. Idona ya daina raba ja da fari, na ɓoye don kada yaran su ce za su yi mini. Ba zan sa a na ɗalibai ba tunda bai tsintu ba. Ka yi yadda ka ga dama da shi."

Na kawo shi gida na ba maiɗakina ta surfa ta kai niƙa. Tuwon ya fito wani iri, ba fari ba ba ja ba. Na tara 'ya'yana muka ci tare, na gaya musu daga inda ya fito. Ban taɓa cin abin da ya yi mini nauyin haɗiya kamarsa ba, kuma ban bar ko ɗan kaɗan ba.

Na ƙara shekara tara a siton kafin ƙarfina ya ƙare. Malama ta rasu a cikinsu, Allah Ya haskaka kabarinta, amma amalanken bai daina zuwa ba. Na sha roƙonsu su koma gaurayawa, su huta da tukwane uku, suka ƙi. Wahalar da bakina ya ɗora musu ta zauna ke nan, ba ta ɗaguwa. Duk shekara in na buɗe buhu na ga fara zalla, sai in ji maganata ta dawo mini.

Abin da na koya shi ne, makaranta irin wannan ba mai babbar mota kaɗai ke riƙe da ita ba, akwai hannayen da ba a gani. Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman wanda aka damƙa wa makullin wani wuri da ake kawo taimako, kada ka yi irin tawa. In an kawo abu, kafin ka kwance bakin buhu ka yanke hukunci, zaunar da wanda ya kawo, ka ba shi ruwa, ka tambaye shi daga hannun wa ya fito, kuma yaya aka tara shi. Tambaya ɗaya ce, ba ta kai minti guda ba. Ni ban yi ta ba, sai da mata talatin da wani abu suka shafe wata takwas a sunkuye kan faifai.